A Kwashe Tulin Bayan Ɗakin Malam

Zuwa ga mai girma Alhaji,
Shugaban Kwamitin Gayyar Yasar Kwata na layinmu,
wajen Ƙofar Sauri, Katsina.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina yi maka sannu da wannan zafi. Ina gajiya, ina iyali? Yaya Hajiya da yara, yaya kasuwa, yaya kuma fama da jama'a? Allah ya taya ka riƙo. Ina kuma yi muku sannu da aikin ranar Asabar da ta wuce, kai da mutanenka. Ba labari aka ba ni ba, a bayan ɗakin mijina aka yi shi.

Ni ce Malama Binta, wadda ta koyar da kai a aji uku na firamare, lokacin da kake zama kusa da ƙofa. Gidanmu shi ne gidan ƙasar nan da ke daf da kwalbati, wanda ya rage shi kaɗai a layin ba a rushe an mai da shi na bulo ba. Na je gidanka aka ce kana wurin taro. Na je shagonka aka ce kana gida. Shi ya sa na rubuto a fili inda kowa zai gani, ko Allah zai sa wani ya karanta maka a wurin taron.

Maganata ɗaya ce, ranka ya daɗe. Akwai tulin taɓo da shara jingine da bangon gidana ta waje, wanda mutanenka suka yaso daga kwata suka tara. Bangon na ƙasa ne. Ta ciki kuwa, a jikin bangon nan gadon maigidana yake, Malam, tsohon malamin gona, wanda ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar shekara huɗu ke nan. Ba ya tashi sai an tashe shi. Damina kuma ga ta a bakin ƙofa. Ina so a kwashe tulin kafin ruwa ya sauka. Sauran abin da zan faɗa duk bayani ne, na kuma jera shi ɗaya bayan ɗaya kamar yadda na koya muku.

Na ɗaya: abin da ke wuyana na sauke.

Lokacin da Malam yake da lafiya ban san ana shirin damina ba, sai dai in ga an yi. Da zarar zafin bazara ya kai inda mutum ba ya iya zama a ɗaki, zai jingina tsani ya hau soro. Ya share, ya bi rufin yana taka shi da dunduniya a hankali yana neman inda ya yi taushi, ya zura kara cikin kowane indararo ya fito da sheƙar tsuntsu da leda. Daga nan ya kira magini a yi yaɓe. Ya ƙara duwatsu a kan kwanon kicin, ya sa a sare reshen bedin da ya leƙo tsakar gida. In hadarin farko ya taso, sai ya ɗauko kujera ya zauna a bakin ɗaki yana kallo, kamar shi ya gayyato shi.

Yanzu ni ke yi. Bana na jingina tsanin da kaina, na kai mataki na uku, sai maƙwabciyata Maman Joy ta hango ni ta kan katanga ta ce, Malama don girman Allah sauko, majinyaci ɗaya ya ishe mu. Na sauko. Ma'aikaciyar jinya ce, ba a yi mata gardama.

Amma an yi komai. An share soro, an yi yaɓe, an buɗe indararo. Kafinta ya sake ƙusoshin kwanon kicin, ya ƙara wa tagar Malam sakata don iska ta daina buga ta. An sare reshen. Na cika buhuna da yashi na jera a ƙofar zaure. Na sa an ɗora ƙafafun gadon Malam a kan bulo. Sannan na yi abin da ko Malam bai taɓa yi ba, na sa magini ya yi wa gindin bangon waje dakalin siminti, tun daga kusurwa har bakin kwalbati, don ruwa ya daina cin gindin. Ranar Alhamis aka gama. Ranar Asabar kuka zo, kuka ga wuri mai kyau a shafe, kuka zuba a kai. Ɗaya daga cikin mutanenka har ya yaba mini, ya ce bana tulin ya fi zama daidai.

Na biyu: yadda kuke aikin.

Ba na raina aikinku. Shiga kwata a zafin bazara ba wasa ba ne, kuma ba biyan kowa ake yi ba. Kowace shekara kukan fito da safe da riguna iri ɗaya, da shebur da manjagara, da lasifika, da mai ɗaukar hoto. A yashe kwatar tun daga bakin titi har kwalbati. Abin da aka yaso kuwa ba a barinsa a gaban gidajen mutane, domin kowane gida a layin nan ya fasa shago a gabansa, kuma ba a tare wa mutum ƙofar neman abinci. Wannan gaskiya ne. Gidana ne kaɗai mai dogon bango babu ƙofa, sai 'yar taga ɗaya. Saboda haka ake turo na kowa a baro a kawo mini. Akan ce a bar shi ya tsane, tifa za ta zo ta kwashe.

Alhaji, shekara huɗu ina jiran wannan tifa. Ina ganin tifofi suna wucewa a titi da yashi da dutse, har nakan tsaya in ga ko wata za ta karyo kwana ta shigo layinmu. Ba ta karyo ba. Abin da yake zuwa a kan lokaci shi ne ruwa. Indararon ɗakin Malam a kan tulin yake zuba, ruwan titi kuma ya zo ya ci gindinsa, sai tulin ya koma cikin kwatar da aka fito da shi, ya gangara ya toshe bakin kwalbati. Ya yi damina a can, ya yi rani, bazara ta zagayo ku zo da riguna ku fito da shi. Kafin ruwan ya zo kuma, jama'a sun ga tuli sun ɗauka juji ne, kowa ya aiko da tasa sharar. Akwai wata akuya da ta mai da samansa wurin hutawa, daga nan take leƙen Malam ta taga.

Ban sani ba ko kana tuna ranakun da shara ta faɗo kanka a aji uku. Kana da hannun shara, ba na ɓoyewa, har ƙarƙashin benci kake bi. Sai dai ka tara ta a bayan ƙofa ka fita wasa, in an buɗe ƙofar iska ta mai da ita inda ka samo ta. Na sha kamo ka in mai da kai ka kwashe. A lokacin na ɗauka na yi nasara.

Na uku: buta.

Kada ka ce zato nake yi. Akwai wata butar roba shuɗiya mai fasasshen gindi. Shekarar farko na gan ta a saman tulin na wuce. Shekara ta biyu na sake ganinta, na ce shuɗiyar buta ba ita kaɗai ba ce a Katsina, kada in ɗauki alhakin kowa. Sai na yanko jan ƙyalle daga tsohon ɗankwalina na ɗaure mata a hannu, na mai da ita inda na same ta. Bara ta fito da ƙyallenta. Ranar Asabar ɗin nan ma ta fito, ƙyallen ya yi baƙi amma ɗaurin nawa ne, na san ɗaurina. Ta shiga hotonku na bana, tana gefen ƙafarka ta hagu. In akwai takardar yabo da kwamiti ke bai wa wanda bai taɓa fashin gayya ba, ina ganin ta cancanta.

Na huɗu: me ya hana ni kwashewa da kaina.

Bara na gwada. Na samo masu baro biyu, suka fara lodi. Ba su yi nisa ba sai ga sakatarenka a kan babur, ko gaisuwa ba mu gama ba ya ce a dakata. Ya yi mini bayani cikin ladabi, don shi ma ɗalibina ne, cewa tulin nan shaidar aiki ne. Wai manyan da za su aiko da tifa sai sun zo sun ga tuli da idonsu. In babu tuli za su ce ba a yi aiki ba, in kuma tulin ya yi ƙanƙanta za su ce aikin bai kai a ba da mota ba. Ya sa masu baron suka juyo da sawun da ke hannunsu suka zube inda suka ɗauka. Na tambaye shi yaushe manyan za su zo, ya ce ana kan magana. Na ce to hoton da aka ɗauka fa, ba zai isa shaida ba? Ya ce ai hoto na kwamiti ne, tuli na manya.

Ranar Asabar kafin ku watse ya sake tsayawa a ƙofar zaurena ya tuna mini, Malama kada a taɓa. Ban taɓa ba. Ni mai bin doka ce, rabin rayuwata a sa yara layi ya ƙare.

Na biyar: abin da ya faru bara.

Ranar da ruwan farko ya sauka, bayan la'asar ne. Gabas ta yi baƙi, iska ta taso da ƙasa da ledoji, ƙofofi suna ta bugawa. Na rufe tagar Malam, na kwashe shanya, na zauna kusa da shi. Rufi bai ɗiga ba ko ɗigo ɗaya, kwanon kicin bai motsa ba, buhunan ƙofar zaure sun tare ruwan titi. Ta rariya ya shigo. Rariyar da aka yi don ruwan gida ya fita, ita ce ta juyo tana amayo mana baƙin ruwan kwata, saboda kwalbati ya toshe, ruwan ba shi da inda za shi. Kafin in nemo tsumma in cusa, ya cika tsakar gida ya haura dokin ƙofa. Na ga takalman Malam, waɗanda nake ajiye masa a gaban gado ko da ba ya sa su, suna yawo a tsakar ɗaki. Sai na ji wani abu ya rufta ta waje, ƙasa ta zubo daga bango a kan bargonsa.

Na kama shi ta hammata na ja. Ban iya ba. Wallahi ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba, ban kuma taɓa jin haushin tsufana irin na ranar ba. Na fita cikin ruwan ina ƙwala wa Maman Joy kira ta kan katanga. Dawowarta ke nan daga asibiti, ko fararen kayan ba ta cire ba. Ita da mijinta mutanen kudancin Kaduna ne da aiki ya kawo Katsina, haya suke a gidan da ke jikin namu, ba sa cikin kwamiti, ba su da riga. Suka shigo, muka naɗe Malam a zanen gado, ɗaya a kai ɗaya a ƙafa ni a tsakiya, muka ratsa tsakar gida ruwa na dukansa, muka shimfiɗe shi a kan benci a zaure. Ka san Malam. Ko ɗiyarsa ba ta cika ganin kansa babu hula ba. Hular ta faɗa ruwa a hanya. Ya juya fuskarsa bango, kuma ya daɗe bai yarda ya haɗa ido da Baban Joy ba, mutumin da ya ɗauke shi.

Da ruwa ya tsaya muka leƙa waje. Gindin bangon, daidai inda tulin ya yi makonni yana jiƙa shi, ya zube, har kaza tana iya shiga ɗakin ba ta sunkuya ba. Magini ya toshe. Toshiya ce dai, tsagar tana nan daga gindin har ƙasan taga. Bara farcena ne kaɗai ke shiga, yanzu yatsa yana shiga.

Kwamiti ya zo jaje, na gode. Sakatare ya ce ruwa na Allah ne. Ban musa ba, ban kuwa taɓa kai ƙarar ruwa wurin kowa ba. Tulin ne na kwamiti.

Na shida: shawarwarin da aka ba ni.

Masu ba da shawara ba su yi mini rowa ba. An ce in mai da shi ɗaya ɗakin. Ɗaya ɗakin ya fi nasa gangare, can ruwan ya fara cika, kuma ƙofarsa ba ta cin keken da ake tura Malam a kai. An ce in rushe in yi na bulo kamar kowa. Masu faɗin haka ba su ce ga inda zan ajiye shi a yi ginin ba. An ce ai ga Maman Joy nan kusa. Tana nan, Allah ya saka mata, amma hadari ba ya tambayar ko tana wurin aiki. Ɗiyarmu da ke aure a Batagarawa ta zo da mota ta ce ya yi damina a wurinta, ta durƙusa tana kuka. Ya kama ƙarfen gado da hannunsa mai lafiya, bai saki ba har direba ya gaji ya kashe mota.

Ban ga laifinsa ba. Ta wannan taga yake jin kiran sallar masallacin da ya yi shekaru yana sahun gaba. Ta nan abokansa suke tsayawa in sun fito daga salla, su ce Malam an tashi lafiya, ya ɗaga musu hannu. Abin da ya rage masa na cikin gari ke nan, taga ɗaya. Tun ranar Asabar ba sa tsayawa, don babu wurin tsayawa, sai su yi sallama daga tsallaken kwata su wuce da hannu a hanci.

Ciwon ya tafi da yawancin maganarsa, kalmomin da ya bar masa kaɗan ne kuma da ƙyar suke fita. Kowace safiya in na buɗe tagar sai ya ja numfashi, ya dube ni ya ce, an kwashe? In ce ba tukuna. Ban saba yi masa ƙarya ba tun da aka kawo ni gidan nan, kuma ko na yi, hancinsa lafiya lau yake. Shekaranjiya da yamma iska ta juyo daga gabas, ta kawo ƙanshin ruwan da aka yi a wani wuri. Ina kicin na ji motsi, na shigo na tarar ya sauko da ƙafarsa mai lafiya ƙasa yana laluben takalmi. Tsani yake nema. Na mai da ƙafar, na ce masa an hau, an yi yaɓe, an buɗe indararo, an sare bedi. Ya saurara har na gama. Sannan ya ɗora tafin hannunsa a jikin bangon, inda ya yi sanyi, ya bar shi a nan.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ga roƙona.

A kwashe tulin nan cikin makon nan. In tifa ta samu, alhamdu lillahi. In ba ta samu ba, masu baron da suka kawo shi ba su manta hanya ba.

In kuwa lallai sai manya sun gani, a mai da shi ƙofar shagonka. A bakin titi yake, sun fi saurin ganinsa a can, kuma bangonka na siminti ne. In hakan ya yi nauyi, a ba ni izini a gaban jama'a in kwashe da kaina ba tare da babur ya biyo ni ba. Zan ajiye butar a matsayin shaida, duk wanda ya zo dubawa in nuna masa, ta fi kowa sanin aikin.

Daga baɗi kuma, ranar da aka yaso a kwashe a ranar. A fara neman mota kafin a ɗinka riguna.

Na ƙarshe. In duk waɗannan sun fi ƙarfin kwamiti, to ka ba ni mutum huɗu daga cikin masu rigunan. Ba shebur za su riƙo ba. Duk ranar da suka ga gabas ta yi baƙi, su zo su tsaya a zaurena. Malam ba shi da nauyi yanzu, mutum biyu da tsohuwa suka ɗauke shi bara. Na ce huɗu ne don a ɗauke shi a zaune, a kan kujera, da hularsa a kansa.

Allah ya ƙara maka lafiya da buɗi, ya raya maka zuriya, ya sa ka gama shugabancin nan lafiya. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare rufin kowa da bangon kowa. Allah kada ya nuna maka ranar da za ka kama naka ta hammata ka kasa ɗagawa. Gobe da safe zan buɗe taga, zai tambaye ni. Ina so in ce masa an kwashe.

Wassalam.

Tsohuwar malamarka,
Malama Binta,
gidan ƙasa na bakin kwalbati.